Bakin da ya riga ya ce «na wuce»: tarihin yarjejeniyar Drury a wasan birij

Birij wasan karta ne na mutum huɗu, biyu a kan biyu, kowa na fuskantar abokinsa a tebur, ana kiran kujerun Arewa da Kudu, Gabas da Yamma. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13, kuma kafin a jefa ko ɗaya sai an yi ciniki irin na gwanjo: kowane ɗan wasa, in layi ya zo kansa, ko dai ya yi tayin da ya ɗara na baya, ko ya ce ya wuce. Ɓangaren da tayinsa ya tsaya a ƙarshe shi ya ɗauki alkawarin cin zagaye kaza cikin 13, in ya cika ya sami maki, in ya gaza a ci shi tara. A gasa ba a sa kuɗi, kuma kati iri ɗaya ake zagayawa da su tebur-tebur, don haka sa'ar rabo ba ta ɗaga kowa. Abin da nake son bi a nan wani ɗan lungu ne na wannan ciniki: me mutum zai ce wa abokinsa in shi ya riga ya wuce tun farko, sannan abokin ya buɗe tayi a bayansa? An ɗauki kusan shekara talatin bayan haihuwar wasan kafin a sami amsa mai gamsarwa, kuma har yau akwai masu ganin amsar nan, wato yarjejeniyar Drury, rufa wa mai ganganci asiri ce kawai. Ni ina ganin akasin haka. Drury ta fito ne daga yadda ake lissafin maki da kuma ƙarancin kalmomin da aka yarda 'yan wasa su furta, kuma ta ɗauko abin da abokai ke yi a ɓoye bisa sabo ta ajiye shi a fili inda abokan hamayya ma za su ji.

Kakan wasan shi ne wist, wanda Edmond Hoyle ya rubuta wa ɗan littafi a Ingila a 1742, kuma babu ciniki a cikinsa sam. A 1886 aka buga wata 'yar takarda a Landan mai bayanin wani sabon salo inda mai rabo ke zaɓar dangin kati da zai yi iko a wannan hannu, sannan a farkon ƙarni na 20 aka shigo da gwanjo, kowa ya sami damar taya. Sai dai a birij na gwanjo, duk abin da ka ci ana lissafa maka shi wajen kaiwa gem, wato mizanin makin da ke kawo babban lada, ko ka taya shi ko ba ka taya ba. Mai wayo sai ya sayi alkawari da araha ya yi shiru, in katin sun ba shi goma ya kwashe ladan goma. Harold Vanderbilt ne ya sauya wannan a ƙarshen Oktoban 1925, a cikin jirgin ruwa mai suna Finland da ke ratsa mashigin Fanama. Ya ɗauko ra'ayi daga wani wasan Faransa mai suna plafond, ya tsara teburin maki wanda a cikinsa abin da ka taya kaɗai ke kai ka gem, ya ƙara lada mai tsoka ga manyan alkawura, ya kuma kawo yanayin «cikin haɗari» inda lada da tara duka ke hauhawa. Daga ranar, tsayawa ƙasa da abin da katinka za su iya ya zama asara, wuce shi ma asara. A gasa ta yau, wanda ya taya mashi huɗu ya ci zagaye goma yana da maki 420, ko 620 in yana cikin haɗari. Wanda ya ci goman nan bayan ya tsaya a mashi biyu, 170 kawai zai rubuta.

Ga kuma ƙuncin harshen. Dangin kati huɗu ne, daga ƙasa zuwa sama: fure (♣), daimon (♦), zuciya (♥), mashi (♠), sai tayin ba-dangi a samansu. Matakai bakwai ne, tayin ɗaya na nufin zagaye bakwai, tayin bakwai na nufin duka 13. Bakwai sau biyar 35, in aka haɗa da wucewa da ninki da ninkin ninki, masu ƙara tara da lada, kalma 38 ke nan duka-duka, kuma duk tayin da aka yi ya binne na ƙasa da shi har abada. Da wannan ɗan guzuri mutum biyu za su gaya wa juna ƙarfinsu da siffar hannunsu. Ely Culbertson, wanda ya kafa mujallar The Bridge World a 1929 ya kuma doke ɓangaren Sidney Lenz da maki 8,980 a shahararriyar karawar da aka fara a Disambar 1931, shi ya yaɗa ƙa'idar cewa wasu tayin tilas ne abokinka ya amsa su, ba zai wuce ba. Bayansa Charles Goren ya yaɗa ƙidayar da aka sani da sunan Milton Work: as maki 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimillar kati duka 40. Ya koyar da cewa da 13 ake buɗe tayi, kuma in abokai biyu sun haɗa kimanin 26 to su nemi gem. A tsakanin nan aka fara ba wasu tayin ma'anar da ba ta da alaƙa da dangin da aka ambata. Easley Blackwood ya mai da ba-dangi huɗu tambaya game da yawan as a 1933, sannan a 1945 Sam Stayman ya bayyana a rubuce yadda fure biyu ke zama tambaya bayan an buɗe da ba-dangi ɗaya. Duk waɗannan an gina su ne da zaton cewa mai amsa bai riga ya faɗi komai game da hannunsa ba.

Amma wanda ya wuce ya faɗi abu, babba ma kuwa. Ya ce hannunsa bai kai na buɗewa ba. Wannan magana ɗaya ta sauya lissafin duk wanda ke tebur, kuma abin sha'awa a tarihin shi ne malaman farko sun karanta ta a juye da yadda ake karanta ta yanzu. A zamanin birij na gwanjo da farkon na Vanderbilt, koyarwar da ta yaɗu ita ce mai kujera ta uku da ta huɗu, in aka ƙirga daga mai rabo, yana bukatar hannu mafi ƙarfi kafin ya buɗe, tun da abokinsa ya nuna ba shi da abin a-zo-a-gani. Hujjarsu tana da tushe a irin wasan da suke yi. A wasan falo na kuɗi, in duka huɗun suka wuce, zubar da katin ake yi a sake rabo, ba wanda ya yi asarar ko anini. Me zai sa ka tsokano cinikin da watakila abokan hamayya ne za su ci ribarsa? Abin da ya rushe wannan koyarwa shi ne bunƙasar wasan gasa, musamman bayan kafa ƙungiyar birij ta Amurka, ACBL, a 1937. A gasar abokai bibbiyu, ana gwada sakamakonka da na duk waɗanda suka riƙe katinka a sauran tebura, kuma fin su da maki 10 daidai yake da fin su da 1,000. Ke nan ƙaramin alkawari mai kawo 110 ya zama abin kokawa kamar gem, hannun da aka zubar ba a buga ba kuma yana iya zama faɗuwa ƙasa warwas in sauran tebura sun ci ɗan abin da suka ci.

Da idon ɗan gasa, kujera ta uku wuri ne na kai hari. Mutum biyu sun wuce, kai kuma kana da maki 10: to akwai alama mai ƙarfi cewa hannu mafi kyau yana hagunka, wurin wanda bai yi magana ba tukuna. In ka ce mashi ɗaya, ka hana shi ambaton fure ko daimon ko zuciya a mataki na ɗaya. Ka kuma gaya wa abokinka dangin da zai fara jefowa in su suka sayi alkawarin, wanda sau da yawa shi ke raba cika da gazawa. Sannan akwai sauƙin da mai kujera ta farko ba shi da shi: tun da abokinka ya riga ya iyakance kansa, duk sabon dangin da ya ambata ba tilas ba ne ka amsa, kana iya barinsa a nan. Kujera ta huɗu lissafinta daban ne, don ita ke da ikon rufe hannun gaba ɗaya, shi ya sa aka fitar mata da ƙa'idar 15, wato ka haɗa makinka da yawan katin mashin da ke hannunka, in sun kai 15 ka buɗe, dalili kuwa mai mashi shi ke rinjaye a kokawar ƙananan alkawura. Zuwa shekarun 1950 buɗewa da hannu mara nauyi a kujera ta uku ya zama ruwan dare a gasar Amurka da Kanada. Abin da ba a tanada ba shi ne halin da aka jefa abokin da ya wuce.

A duba shi kusa. Kudu ne mai rabo, yana riƙe da sarki da 8 da 4 na mashi, as da 7 da 3 da 2 na zuciya, sarauniya da jak da 5 na daimon, 9 da 6 da 3 na fure. Maki 10 ne, sai ya wuce. Yamma ya wuce, Arewa ya ce mashi ɗaya, Gabas ya wuce, magana ta dawo wa Kudu. A ce Arewa yana da as, sarauniya, jak, 9, 5 na mashi, 8 da 6 na zuciya, sarki da 7 da 2 na daimon, 8 da 5 da 4 na fure, shi ma maki 10. In aka haɗa hannuwan biyu za a ci mashi biyar, as na zuciya, daimon biyu, takwas cif. Za a ba da fure uku da zuciya ɗaya da as na daimon. Mashi biyu ya cika, maki 110. Mashi uku ya faɗi, tara 50 ko 100. Yanzu a sauya wa Arewa kati kaɗan: as, sarauniya, jak, 9, 5, 2 na mashi, sarki da 6 na zuciya, sarki da 7 da 2 na daimon, 8 da 5 na fure. Maki 13 ne kacal, amma in rabon bai yi muni ba zagaye goma na nan a shirye, don fure biyu da daimon ɗaya kawai za a bayar. Kudu ba ya ganin ko ɗaya daga cikin hannuwan nan, kalma ɗaya ya ji daga dukansu. In ya ce mashi biyu, wanda a al'ada ke nuna maki 6 zuwa 9, Arewa na biyu zai iya tsayawa a rasa gem. In ya yi tsalle zuwa mashi uku, wanda shi ne kaɗai hanyar da tsarin Goren ya ba wanda ya wuce don nuna irin wannan ƙarfi, Arewa na farko ya faɗi a alkawarin da ba shi ya nema ba. Gaba kura, baya sayaki.

Wannan tsaka mai wuya ita Douglas Drury ya sha fama da ita a Toronto a shekarun 1950, lokacin da yake wasa tare da Eric Murray, lauya kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan birij da Kanada ta taɓa fitarwa, wanda daga baya ya yi suna a duniya tare da Sami Kehela. Murray ya shahara da buɗewa a kujera ta uku da hannun da ya gaza ma misalin da ke sama nesa ba kusa ba. Labarin da ake bayarwa shi ne, duk lokacin da Drury ya yi tsalle zuwa mataki na uku bisa gaskiyar katinsa, sai abokan hamayya su ninka, a faɗi da zagaye huɗu cikin haɗari, tara 1,100. Da sabuwar dabarar sai suka riƙa tsayawa a mataki na biyu, tarar ta sauko 800. Dabarar kuwa mai sauƙi ce. In wanda ya wuce ya ji abokinsa ya buɗe da zuciya ɗaya ko mashi ɗaya, sai ya ce fure biyu, ba don yana da fure ba, sai don ya tambaya: buɗewar nan taka cikakkiya ce ko kuwa ta kujera ce? A tsarin asali, amsar daimon biyu na nufin hannun bai cika ba, mai tambaya sai ya koma dangin abokinsa a mataki na biyu a tsaya. Kowace amsa dabam na nufin akwai cikakken ƙarfi, a ci gaba da neman gem. A misalinmu, hannu na farko ya tsaya a mashi biyu ya ci 110, na biyu ya isa mashi huɗu ya ci 420.

Yarjejeniyar ba ta tsaya yadda aka haife ta ba, kuma kowane gyara da aka yi mata yana nuna ana ƙara fahimtar abin da wucewar farko ta riga ta faɗa. Da farko fure biyu bai zama dole ya yi alkawarin goyon baya ga dangin mai buɗewa ba. Yau kusan kowa ya ɗauke shi a matsayin kati uku ko fiye na dangin, da ƙarfin da ya kusa kai na buɗewa, wato tambaya da bayani a baki ɗaya. Sannan aka juya amsoshin. A salon da ya fi yaɗuwa yanzu, mai buɗewa in hannunsa mara nauyi ne sai ya koma danginsa kai tsaye, mashi biyu ko zuciya biyu, daimon biyu kuma ya zama alamar cikakken hannu. Juyin nan ya fi na asali ta fuska uku: hannu mara ƙarfi ya isa masauƙinsa da sauri ba tare da ya bar wa abokan hamayya ƙofar kutsowa da araha ba, hannu mai ƙarfi ya sami filin tattaunawa a ƙasa, kuma ya dace da abin da ɗan wasa zai yi ko da ya manta yarjejeniyar, don komawa danginka a mafi ƙanƙantar mataki dama alamar rauni ce a ko'ina cikin wasan. Bayan haka sai ra'ayin Jean-René Vernes ɗan Faransa, wanda ya bayyana a The Bridge World a 1969, Larry Cohen kuma ya yaɗa shi da littafinsa na 1992, cewa a kokawar alkawari yawan katin dangin da abokai suka haɗa shi ke nuna matakin da za su iya hawa lafiya: takwas mataki na biyu, tara mataki na uku. Wannan ya sa bambancin goyon baya da kati uku ko huɗu ya yi nauyi, aka sami salo mai ƙofa biyu, wanda ake dangantawa da Marty Bergen, inda fure biyu ke nuna uku, daimon biyu ke nuna huɗu.

Da aka gane hanyar, sai sauran tayin wanda ya wuce suka bi sahu. Tsalle zuwa sabon dangi, wanda a tsohon tsari ke nufin hannu mai ƙarfin gaske, ba shi da ma'ana a bakin mutumin da ya kasa buɗewa. Hannu mai dogon dangi mara maki kuma da tuni ya buɗe da tayin tare hanya. Sai aka ba tsallen sabon aiki, ya nuna dangi mai kyau tare da goyon baya ga na aboki, salon da Andrew Robson da Oliver Segal suka yi wa bayani mai faɗi a littafinsu na 1993 kan cinikin da ake kokawa a cikinsa. Ba-dangi biyu na Oswald Jacoby, mai tilasta gem, ya sauka daga aiki. Ba-dangi ɗaya, wanda a tsarin da yawa tilas ne a amsa shi, ya zama wanda mai buɗewa ke iya bari.

Suka ta farko da ake yi wa Drury ita ce ta masu son tarbiyya a ciniki: in abokinka na buɗewa da shara, maganin shi ne ya daina, ba ka ƙirƙiro masa tabarmar da zai faɗa a kai ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma gaskiya ne cewa tara 800 ba abin alfahari ba ne. Amma tarihi ya nuna cewa tarbiyyar ce da kanta ke haifar da bukatar. Babu wanda ya kai Alvin Roth da Tobias Stone tsanani a shekarun 1950 wajen cewa mai kujera ta farko da ta biyu kada ya buɗe sai da hannu mai ƙwari. Sakamakon haka shi ne a tsari irin nasu mutum na iya wucewa da maki 12 har 13, kuma in mai kujera ta uku shi ma ya jira cikakken hannu, abokai biyu masu maki 23 ko 24 a haɗe za su zubar da katin da nasu ne. Dole wani ya buɗe da ƙasa da ƙa'ida don ya kare wucewar abokinsa. Da zarar an yarda da wannan, an yarda cewa mashi ɗaya a kujera ta uku na iya zama maki 10 ko 20, kuma faɗi irin wannan ba ya warwaruwa sai da tambaya. Arewa na farko a misalin da ya gabata bai yi ganganci ba. Kati biyar masu kyau yake da su a dangi mafi girma, kuma alkawarin da ya sa suka saya ya cika.

Suka ta biyu ta fi nauyi, don ta taɓa adalci. Tun farkon shekarun 1930, lokacin da Dorothy Rice Sims ta yi suna da shi, akwai tayin yaudara, inda mutum ke taya abin da ba shi da shi kwata-kwata don ya rikita abokan hamayya. Dokokin wasan sun halatta shi bisa sharaɗi ɗaya: ya ba abokinka mamaki kamar yadda ya ba su. Masu suka na cewa Drury ta rage haɗarin wannan yaudara, don mai buɗewa da maki 3 ya san abokinsa ba zai yi tsalle ba, tambaya zai yi. Akwai gaskiya a nan, kuma abokan da suka mai da fure biyu garkuwar ƙarya mai maimaituwa sun cancanci alƙalin gasa ya hukunta su. Amma a tambayi abin da ke faruwa in babu yarjejeniyar. Mutumin da ya sha tara 1,100 sau uku saboda halin abokinsa ba zai ci gaba da tsalle ba. Zai fara cewa mashi biyu da hannun mashi uku, ba tare da sun taɓa zama sun tattauna ba, ba tare da an rubuta a katin tsarinsu ba. Wannan fahimtar juna ce ta ɓoye, kuma ita ce ainihin abin da doka ta 40 ta dokokin gasa ta hana, don ta wajabta cewa duk abin da abokai suka fahimta tsakaninsu, ko ta hanyar sabo ne, abokan hamayya na da hakkin saninsa. Drury a rubuce take. Ana ankarar da tebur lokacin da aka furta ta, ana bayaninta in an tambaya, kuma amsar mai buɗewa kowa na jin ta. Gabas da ya ji Arewa ya koma mashi biyu ya san yanzu cewa makin sun rabu kusan daidai, yana iya shiga cinikin da hujja. Duk tafiyar wasan a rabi na biyu na ƙarni na 20 ta wannan hanya ta bi, ta raba saƙon halal da na ɓoye: akwatin tayi da aka ƙirƙiro a Suwidin a shekarun 1960 don kada murya ta ɗauki saƙo, da labulen da aka sa tsakanin abokai a gasar Bermuda Bowl ta 1975 don kada fuska ta ɗauka. Yarjejeniyar da ta maye gurbin sanin halin aboki da tambaya a bainar jama'a tana cikin wannan tafiya.

Suka ta uku lissafin kasuwa ce: kowace kalma da ka ba sabon aiki ka ƙwace ta daga tsohon aikinta, kuma wanda ya wuce da fure shida da maki 10 yanzu ba shi da hanyar faɗinsu da araha. Haka ne. Sai ya ce ba-dangi ɗaya ko ya yi tsalle zuwa fure uku in ba su keɓe wannan tsallen ga nuna goyon baya ba, ko wanne kuma ba ya kama hannun daidai. Abin da ke sa cinikin ya zama riba shi ne goyon baya ga babban dangi, wato zuciya ko mashi, ya fi zuwa, kuma a can gem yake, da zagaye goma maimakon goma sha ɗaya da ƙaramin dangi ke bukata. Duk da haka masu sukar sun taɓo wani abu na gaskiya game da zaɓin kalmar. A tsarin da ake buɗe daimon biyu da hannu mara ƙarfi mai daimon shida, wanda ya wuce ya riga ya kore yawancin irin wannan hannu, alhali fure biyu a buɗewa an keɓe shi ga hannu mafi ƙarfi, don haka masu fure shida suna nan cikin waɗanda suka wuce. Ke nan daimon biyu ne ya fi arahar sadaukarwa, kuma akwai ƙwararrun da suka mai da tambayar can saboda wannan dalili. A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi a takarda, kuma salo mai ƙofa biyu, da ya cinye kalmomin duka, ya fi tsada fiye da yadda masoyansa ke faɗa. Akwai kuma mantuwa, wadda ba a raina ta: fure biyu na nufin abu ɗaya a bakin wanda bai wuce ba, wani abu dabam a bakin wanda ya wuce, kuma mai buɗewa da ya manta ya bar abokinsa a fure biyu da kati uku-uku ya zubar da ribar hannu da yawa a zama ɗaya.

Inda ya kamata a sassauta shi ne iƙirarin cewa kowa na bukatarta. Tsarin Acol, wanda aka haifa a wani kulob na arewacin Landan a shekarun 1930, yana buɗewa da hannu mara nauyi a kowace kujera, yana yarda da babban dangi mai kati huɗu, kuma yana kwashe hannuwa masu daidaito na maki 12 zuwa 14 zuwa ba-dangi ɗaya. A can tazarar kujera ta farko da ta uku ba ta da faɗi, shi ya sa Drury ba ta yi kaka-gida a kulob-kulob na Ingila kamar yadda ta yi a Amurka da Kanada ba. Yau kuma, da ƙa'idar 20 ta Bergen, wadda ke haɗa maki da tsawon dangi biyu mafi tsawo, ta sa mutane ke buɗewa da 11 tun a kujera ta farko, hannun da ya wuce ya ƙara rauni, damar gem bayansa ta ragu. Amma masu buɗewa da 11 a kujera ta farko su ne ke buɗewa da 8 ko 9 a ta uku, tazarar tana nan, ta dai sauko ƙasa ne, kuma aikin tsayawa a mataki na biyu ya ƙara muhimmanci ko da aikin neman gem ya ragu. Drury ya rasu a 1967, Murray a 2018. Ga abokai biyu da ke buɗe manyan dangi da kati biyar, suke kuma sassauta hannu a kujera ta uku, fure biyun nan ya cancanci wurinsa a katin tsarinsu, da sharaɗin su zauna tun kafin a raba kati su yanke wane salo suke bi, na asali ko juyayye, ko yana aiki in abokin hamayya ya ninka ko ya kutso, sannan su ankarar da tebur duk lokacin da ɗayansu ya furta shi.